Wanda Ya Ɗanɗana Ruwan Gwajin Ƙwai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 14 ga Agusta, 2025, 'yan bindiga suka harbe yayana Malam Tayyib mai ƙwai a hanyar Runka zuwa Batsari. Shi kaɗai ne a hanyar, kuma na san abin da ya sa.

Yaya, shekara ashirin kana bin ƙauyuka kana sarin kaji da ƙwan zabi a hannun mata. Cikin 'yan sari kai kaɗai kake gaya musu gaskiyar farashi: ƙwan da aka karɓa naira ɗari a hannunsu, ɗari da hamsin ne a Batsari, kafin ya isa teburin mai shayi a Katsina ya ninka. Kakan ce kuɗin mai da haɗarin hanya gaskiya ne, amma ba su kai yadda ake zuzutawa ba. Mukan yi maka tsiya cewa da wannan bakin naka ba za ka taɓa canza babur ba. Ba ka canza ba kuwa.

Kowa ya san yadda ake gwada ƙwai: a saka shi a ƙwaryar ruwa, mai kyau ya nutse, baragurbi ya taso. A daminar bana ƙwan mata ya riƙa tasowa, ana karɓewa a rabin kuɗi. Ranar da Iya Hansai, wadda ke riƙon marayu huɗu da zabi goma, ta tsaya tana hawaye a kan ƙwai talatin, sai ka tsoma yatsa a ƙwaryar Hamidu ɗan sari, abokinka tun ƙuruciya, ka kai baki.

"Hamidu, ka ji tsoron Allah. Gishiri ne a ruwan nan."

Aka sake ruwa, duk talatin ɗin suka nutse.

Saboda halin da hanya ke ciki, 'yan sari ba sa fita sai a ayari, babura goma ko fiye. Mako biyu bayan maganar gishirin suka ce maka tashi ƙarfe tara, suka tashi bakwai. Na roƙe ka ka haƙura, ka ce kajin mutane ne a kejin, zafi zai kashe su.

Ban ce su suka harbe ka ba. Amma sun san hanyar, sun san abin da suka bar ka da shi. Sun zo gaisuwa, sun zauna a tabarmarmu, Hamidu har da cewa an yi rashin mutumin kirki. Wallahi har yau zuciyata ba ta huce ba.

Jiya Iya Hansai ta zo mini gaisuwa. Ta ce ƙwai ya koma naira saba'in, tunda babu mai faɗa musu farashin birni. Amma yanzu babu matar da ke miƙa ƙwanta sai ta fara tsoma yatsa a ƙwaryar ta ɗanɗana.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya karɓi shahadarka, Ya sa wannan ya zame maka sadaka mai gudana. Allah Ya ba matarka Safiyatu da 'ya'yanka haƙuri. Tsakaninmu da waɗanda suka tashi ƙarfe bakwai kuwa, Allah Ya isa.

Ƙanwarka, Zuwairatu, Runka.