Hular da Iya Ba Ta Ƙarasa Ba

Wata ranar Asabar ce da hantsi, kwana biyu da gama cirar auduga a gonarmu ta bayan Kafur, ina aji huɗu a firamare. Na dawo daga rijiya da tulu a kai, sai na tarar da Iya, kakata ta wajen uba, zaune gindin rumbu tana ta kai bakin zare kafar allura yana zamewa. Na tsaya sororo. Wannan fa ita ce matar da ke zura zare tana hira ba ta ko duba ba, wadda ko taɓa gwangwaninta na allurai ka yi sai ka sha rankwashi. Ta lashi zaren, ta sake gwadawa har sau biyar, sannan ta ce a hankali, "Ke Hansatu, sauke tulun nan ki zo. Kuma ki riƙe bakinki."

A ranar na san yanar ido ta fara rufe mata gani. Tun Baba yana saurayi bai taɓa zuwa idi da hular kasuwa ba, kowace shekara Iya ce ke ɗinka masa da hannunta. Ta bana kuwa ta tsaya a rabi, saura wata uku Sallah. Tsoronta kada a ce hannunta ya mutu tana raye. Ni ko a lokacin ban san komai ba sai gaɗa da carafke, ga rawar kai, ko tsintsiya aka aike ni ɗaukowa sai na biya ta wajen tattabaru.

Ta ce za ta koya mini ɗinki in ƙarasa mata, amma ba ta yarda na taɓa hular ba tukuna. Tsohon buhun algarara da aka zuba auduga a ciki ta sa na yanko, domin saƙarsa manyan kafofi gare ta, ko makaho ya ƙirga. A kansa na koyi soka allura daga ƙasa, in tsallake zare uku, in mayar da ita, in ja daidai ba tamau ba, ba sako-sako ba. Daga nan sarƙa, sai gicciye, sai ƙananan idanun nan da ake kewayewa da zare har su yi kamar ƙwayar gero. Kullum na dawo daga makaranta, na kai wa su Baba fura wajen sussukar dawa, na gama wanke-wanke, sai gindin rumbu. Ina jiyo tafin ƙawayena a dandali, zuciyata kamar ta tsinke ta bi su. Yatsuna suka yi kaca-kaca da sukar allura.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda take duba aikina. Ba ta kula da fuskar ɗinkin. Sai ta juya bayansa, ta rufe idon ma gaba ɗaya, ta bi shi da ɗan yatsa. Duk inda na yi ƙulli ko na tsallake zare huɗu maimakon uku, nan yatsan zai tsaya cak. "Fuska ta mutane ce," in ji ta, "baya shi ne naki. Warware." Na yi kuka, na yi zuciya, har na taɓa jefa buhun bayan danga, amma da na tuna yadda zaren nan yake zame mata, sai na je na ɗauko abina. Tsoronta nake ji, ina kuma ganin kamar yatsun nan nata ba irin na sauran mutane ba ne.

Sai da na yi wata guda cur a kan buhu kafin ta miƙo mini hular. Na ɗora daga inda ta tsaya, ita kuma tana gefe tana faɗa mini launin da zai biyo baya, duk zanen yana cikin kanta. Ana jibi Sallah na soka allurar ƙarshe. Ta karɓa, ta juya cikinta waje, ta ɗora yatsa. Yatsan ya kewaye hular, ya sake kewayewa, bai tsaya ba. Can ta ɗago ta ce, "'Yar nan, a ina na tsaya kika kama?" Na nuna mata. Ta shafa wurin, ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. "To, idon ya tafi abinsa, na sallame shi."

Baba ya je idi da hularsa, kuma da bakinta ta gaya masa wadda ta ƙarasa ta. Kafin damina ta kama, Iya ba ta bambance dare da rana.

Yanzu a kasuwar Funtua huluna na inji sun cika rumfuna, a yini guda sai a fitar da abin da Iya za ta shekara tana yi, kuma ba laifi suna da kyau. Sai dai duk wadda na ɗauka, kafin in ankara na juya bayanta ina shafawa, mai rumfa yana kallona. Ni ke ɗinka wa Baba hular Sallah har yau, kuma babu mai duba mini baya. Duk da haka, in na yi ƙulli, warwarewa nake yi.