Kayan Ɗakin Mai Guga

Ranar da ta tare a gidan hayarmu ina tsakar gida ina wanke kwanuka. Wata tsohuwar akori-kura ta tsaya a ƙofa, an ɗaure mata gado da sif da madubi mai durowa. Matar da ta sauko daga gaba doguwa ce, ta ɗan haura arba'in. Mai gidan haya ya fito, ya dubi kayan, ya dube ta, ya ce, "Ina maigidan?"

Ta ce, "Ni kaɗai ce."

Ya ce shi ba ya ba mace ɗaki ita kaɗai. Sai da aka kira ƙaninta, autansu, wanda ita ta goya shi da zaninta, ya baro wurin aiki ya zo ya sa hannu a takarda. Kafin ya iso ta yi awa biyu a tsaye cikin rana, direba yana ta mita.

Ɗakinta yana manne da nawa. Sai da aka cire ƙyaure kafin sif ɗin ya shiga, kuma da aka gama jera komai, in za ka je taga sai ka bi a karkace. Na leƙa don yi mata sannu, ta yi dariya ta ce, "Malama, kayan ne suka kama haya, ni 'yar rakiya ce." Ta riga ta ji cewa ina koyarwa a firamare. Ni na riƙa ce mata Yaya, sauran 'yan haya kuwa Mai Guga.

A wani otal take aiki, can ɗakin wanki da ke ƙarƙashin bene. Zanin gado, rigar filo, mayafin tebur, kayan ma'aikata, duk ta hannunta suke bi. Ƙarfe shida na safe take fita, ta dawo da la'asar tana ƙanshin sitati, tsintsiyar hannunta duk tabon dutsen guga. Da wuya wani ya zo wurinta. In ta dafa abinci, a 'yar tukunya ne, ta ci a bakin gado da rediyo a kunne.

Wata Lahadi na same ta tana goge sif da tsumma da mai, a nan ta ba ni labarinta. Mahaifinta mai gyaran keke ne. Da aurenta ya tashi, ya sayar da ɗan filin da ya yi shekaru yana tanadi, ya sa kafinta ya yi mata waɗannan kaya da katako mai nauyi, don kada dangin miji su raina ta. Ranar da aka kai ta, matan gidan suka shigo suna jan durowa, suna ƙwanƙwasa katako da yatsa. "Sun fi minti talatin suna duba sif," in ji ta, "ni ko sunana ba wadda ta tambaya."

Shekara goma sha bakwai ta yi a gidan, ta haifi maza biyu. Sai masana'antar da mijinta yake aiki ta rufe. Wata takwas suna zaune, har ta kai ana tura yara makaranta da ruwan shayi kawai. Ta nemi aikin guga ta samu. Da farko mijin bai ce komai ba, amma yayyensa suka sa shi gaba: mace ce za ta ciyar da kai, kuma a otal? Ya dawo ya ce ta zaɓa, ko aiki ko aure. Ta ce masa ranar da ya sami aiki, ranar za ta ajiye nata. Washegari ya bar mata takarda a kan durowar madubi.

"Kaya nawa ne, 'ya'ya nasu ne. Haka aka raba," ta ce. Babban yana da shekara goma sha huɗu a lokacin. Gidan mahaifinta kuwa an sayar bayan rasuwarsa, kuma matan 'yan'uwanta kowace ta ce ɗakunansu sun yi kaɗan.

Yaran sukan zo jefi-jefi, su zauna a takure kamar baƙi, su tafi. Shekara goma sha ɗaya muka yi haka bango ɗaya.

Maganar auren babban ɗanta a wurin aiki ta ji ta, daga bakin wata mai shara da ke unguwar tsohon mijinta. Baffanninsa sun je sun nema, an ba su, an sa rana. Ba wanda ya tuna da ita. Ta dawo ba ta kunna rediyo ba.

Bayan mako biyu sai ga shi, dogo kamar ita, da kaya a leda. Ƙofarta a buɗe take, ina jin su. Ya ce, "Mama, na kawo kayan da zan sa ne. Ba wanda zai goge su kamar ke."

Ta karɓa ta ce, "To." Sannan ta ce, "Yarinyar 'yar wace ce?"

Ya ce marainiya ce, uwarta tana sayar da kayan miya a kasuwa. Daga nan ya sunkuyar da kai. Ya ce matan baffanninsa sun fara magana, wai da tabarma za a kawo amarya, har uwar yarinyar tana cewa a ɗaga biki shekara guda. Ya ce shi bai damu da kaya ba.

"Kai ba ka damu ba," in ji ta. "Ita ce za ta zauna da su."

Ranar Asabar ta ce in raka ta kasuwa. Muka sami uwar yarinyar a bayan tulin tumatir, 'yar ƙarama, ta rame. Da Yaya ta faɗi ko ita wace ce, matar ta miƙe tana goge hannu da zani, ta rasa inda za ta zaunar da mu. Yaya ta ce, "'Yar'uwa, ina da gado da sif da madubi. Tsofaffi ne, amma ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba. A kawo gidanki, a shafa musu sabon fenti, su fita daga ƙofarki."

Matar ta ce ina aka taɓa yin haka, uwar ango ta yi wa amarya ɗaki? Yaya ta ce ai ba wanda zai sani, sun manta da ita ma balle kayanta. Matar ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka a tsakiyar kasuwa.

Aka sake cire ƙyaure. Da motar ta tafi, ɗakin ya koma fili, ga shatin ƙafafun gado a siminti. Ta sayi katifa ta shimfiɗa a ƙasa. Ko tari ta yi, sai in ji ɗakin yana amsawa.

Mun je bikin tare. Aka ba mu kujeru a layin baya, kusa da masu rabon lemo. Ta zauna tana kallon rigar ɗanta, ko layi ɗaya bai karye ba. Da aka shiga ganin ɗaki, wata daga cikin matan baffannin ta shafa sif ta ce, "Kai, uwar yarinyar nan ta yi ƙoƙari. Yanzu ba a samun irin wannan katako." Yaya ta ce, "Gaskiya ne."

Amaryar ta zo gaishe ta sau biyu, ta share ɗakin, ta yi mata kitso. Bayan wata biyar aka mayar da ɗan nata wani gari mai nisa a wurin aiki, suka tafi. Sukan kira ta a waya, wani makon kuma su manta.

Bana likita ya ce jijiyar hannunta ta gaji, ta rage guga. Ta ce masa to, amma ba ta rage ba. Da safe ina jin ta tana kokawa da makulli da hannun hagu. In na fito na ce, "Yaya, kawo in kulle miki," sai ta miƙo mini, mu taka tare har bakin titi. Motar hayar da take shiga takan riga tawa zuwa.