Ikilima Mai Fotokwafi

Duk wanda ya taɓa kai takarda shagon Isyaku da ke kusa da ƙofar jami'a a Wudil ya san Ikilima, ƙanwar mai shagon. Doguwa ce baƙa, ba ta da yawan magana, tun safe har la'asar tana tsaye gaban injin fotokwafi. Abin da ɗalibai ba su sani ba shi ne ta yi shekara huɗu tana aikatau a wata ƙasar Larabawa. Bayan rasuwar mijinta ne yayan nata ya haɗa ta da wani eja, dillalin masu tafiya aikatau waje, aka yi mata fasfo ta tafi. Ta dawo da akwati ɗaya da ciwon baya, ta tare a ɗakin da Isyaku ya ba ta a gidansa.

Wata Litinin Malam Abdulƙadir, mai koyar da Turanci, ya kawo wani tsohon littafi a buga wa ɗalibansa babi biyu. Labarin rayuwar wata baƙar fata ce 'yar Amurka, ita ta rubuta da kanta. Ikilima ta gama sakandare, Turancinta na lallaɓawa ne, amma tana cikin juya shafi idonta ya faɗa inda matar ke ba da labarin gidan Turawan da uwarta ke yi wa wanki, yadda aka ware musu kofin shan ruwa. Ta tsaya cak. Ita ma a can kofinta daban yake, kuma yaran gidan ba su taɓa kiran sunanta ba, sai dai “baiwa”.

Ta ce, “Malam, don Allah ko za ka ara mini shi kwana biyu?”

Ya ce, “Ashe kina karatu? Riƙe shi har ƙarshen wata.”

Duk sanda aka ɗauke wuta sai ta zauna kan benci ta buɗe littafin. Matar nan ta girma, ta shiga zanga-zanga, an kulle ta sau uku, ta fito ta ci gaba da magana a gaban taro. Ita kuwa Ikilima ko mahaifiyarta ba ta taɓa gaya wa cewa an ƙwace mata fasfo ba, balle ta ce ta waje ake kulle mata ƙofa in masu gida za su fita.

Ana haka sai ga wata dattijuwa daga Darki, Jummai, da 'yarta Zahra'u, sun kawo takardun neman fasfo. Isyaku ne ke yi wa yarinyar hanyar tafiya aikatau ƙasar Larabawa. Da ya fita sallar azahar, Ikilima ta kashe injin, ta faɗa musu komai.

Jummai ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “'Yar nan, na ji ki. Amma ambaliya ta cinye mana gona, babanta yana kwance. In ta zauna me za mu ci? Ke ma ai ga ki kin dawo da ranki.”

Zahra'u dai kanta na ƙasa, tana murza bakin mayafi. Ikilima ta rubuta lambar wayarta a guntun takarda, ta miƙa wa yarinyar, ta ce ta haddace, kada ta bar ta a jaka.

Kafin la'asar magana ta kai kunnen Isyaku. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “A gidana kike kwana, a shagona kike aiki. In taimakon mutanen da nake yi ne bai yi miki ba, ki faɗa mini inda za ki koma.”

Ba ta da inda za ta koma, sai ta kunna injin.

Bayan ƙaramar salla Zahra'u ta tafi. Sau ɗaya ta kira Ikilima, ta ce ta sauka lafiya, daga nan ba a ƙara jin ta ba. Jummai kan leƙo shagon ranar Juma'a in ta shigo kasuwa, ta tambaya ko an ji wani abu, Ikilima ta ce tukuna. Wata biyu bayan haka Isyaku ya shigo da takardun wasu 'yan mata uku daga Ɗankaza, ya ajiye mata a kan injin, ya zauna a bakin ƙofa har ta gama bugawa.