Rigar Aro a Wakra

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar unguwar Mansura, ranar Talata, kwanana uku da sauka Doha. Lawal ne ya tuƙa ni, ɗan ƙanen maigidana marigayi, wanda ya nema mini bizar ziyara. Ba yawon buɗe ido ya kawo ni ba. Ɗana Sanusi nake nema, wata bakwai ke nan ba kira ba saƙo. Abin da ke hannuna hoto ɗaya ne da ya turo bara: yana tsaye da kakin gadi a gaban wani tsohon gini mai hasumiya, igwa a gefensa. Ya ce nan yake aiki. Duk unguwarmu a Funtua sun ga hoton nan, don ni na nuna musu.

"Inna, gine-gine irin wannan suna da yawa a ƙasar nan," in ji Lawal.

Na ce, "Kai dai tuƙa. Ban san karatu ba, amma na san bango."

Wakra, ƙarfe biyar da kwata

Garin yana kudu da Doha, tafiyar da ba ta kai kilomita ashirin ba. Muka sha shayi mai madara a bakin teku, inda masunta ke sauke kifi. Lawal ya sayo mini gurasa, na kasa ci. Gini biyu muka duba, na ce ba su ba ne. A na uku na ga tsagewar da ke ƙarƙashin tagar hasumiya, iri ɗaya da ta hoton. Lawal ya ce tsohon gidan yaƙi ne, a zamanin da daga samansa ake hango jiragen ruwan abokan gaba. Yanzu ba kowa sai tattabaru da mai gadi.

Mai gadin dattijo ne ɗan zangon Kumasi, Baba Isa. Na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sunkuyar da kai.

"Mma, rigar nan tawa ce."

"Taka kamar yaya?"

"Yaran da ke wanke-wanke da shara suna zuwa ran Juma'a. Su ari riga, su tsaya jikin igwa, a ɗauke su, su aika gida. Ba na hana su. Kowa yana da uwa."

Tun ranar da hoton ya zo na lura hannun rigar ya rufe masa yatsu. Na ce a raina ramewa ya yi. Ban yarda na yi wani tunanin ba.

Baba Isa ya tuna Sanusi saboda tsayinsa. Ya ce yana wanke tukwane a wani kamfanin da ke dafa wa sojoji abinci, a sansaninsu cikin hamada.

Hanyar sansani, ƙarfe tara

Lawal bai so zuwa ba. "Inna, wurin soja ne. Ko waya kika ɗaga, ni za a kama."

"To sauke ni, in taka."

Ya tada mota. Minti arba'in muka yi, ba bishiya ko ɗaya, sai yashi da wayar ƙarfe mai ƙaya. A shingen farko soja ya karɓi katin Lawal da fasfona. Bai yi mana tsawa ba. Ya kira ni Hajiya, ya ba ni ruwan sanyi, ya ce ba mai wucewa sai da takardar izini. Na nuna masa hoton, ya girgiza kai, ya nuna mana hanyar komawa. "Yalla," in ji shi, wato mu tafi.

Muka ja baya muka tsaya a gidan mai, inda motocin ma'aikata ke yada zango. Awa uku ina zaune ina ƙirga fuskoki ta gilashi. Wajen azahar wata farar bas ta tsaya, na ji ana Hausa. Na tare wani mai suna Bala, mutumin Gusau.

"Sanusi Dogo? Hajiya, ai ya bar mu wata biyar ke nan. Ya gudu daga hannun kafil, mai riƙe da takardunsa. Wanda ya gudu kuwa ba ya riƙe tsohon layin waya, ba ya kwana biyu a ɗaki ɗaya."

"Yana raye?"

"Wallahi ban sani ba. Ya dai taɓa ce mini gara ya ɓace da ki ji abin da yake yi. Ya ce ke ba a kawo miki ƙarya sau biyu."

Haka ne, ni na yi masa wannan tarbiyyar. Direba ya danna oda, Bala ya ruga.

Komawa

Mun iso Mansura da la'asar. Kwana tara da suka rage na yi su a bakin masallatai da shagunan da 'yan Arewa ke taruwa. Ba wanda ya gan shi. Ranar Alhamis na hau jirgi, na sauka Kano, washegari da hantsi na shiga gida Funtua. Matar Sanusi, Rabi, ta tarbe ni a zaure, ta leƙa bayana, sannan ta karɓi jakata.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Lawal da ya bar aikinsa saboda ni, da Baba Isa da Bala da suka gaya mini gaskiya. Ku kuma da kuke can, duk wanda ya haɗu da wani dogo mutumin Funtua, ya ce masa Inna ta ce ba za ta yi faɗa ba. Ya kira kawai. Ko bai ce uffan ba, zan gane numfashinsa.