Mota a Kalgo, Makulli a Kambaza

Mun tashi daga Gwandu ana idar da sallar asuba, mu uku: ni, da yayana ɗan kawuna wanda ya iso daga Abuja, da direbansa. Diggi muka nufa, a ƙasar Kalgo. Dalilin tafiyar kuwa gonar fadama ce da kakanmu ya bari, wadda innarmu take nomawa tun rasuwar mijinta. Maƙwabcinta ya ci iyaka ya shigo mata. Mai gari ya sa zama sau biyu ba mu halarta ba, domin Yaya ya ce shi ne babba, kada a zauna sai da shi. Na uku an sa shi ƙarfe goma na safiyar ranar, aka kuma aiko mana cewa idan ba a kawo takarda ba, za a raba bisa abin da ido ya gani. Takardar iyakar tana hannuna, kasancewar ni nake ajiye takardun gidanmu tun ina aikin rajista.

Wajibi ne in yi bayanin motar. Sabuwa ce, baƙa, mai kujerun fata, kuma ba ta da ramin da ake zura makulli. Makullin nata wani ɗan abu ne da bai kai akwatin ashana girma ba. Muddin yana cikin motar, direba zai taka birki ya danna maɓalli, inji ya tashi. Yaya ba ya bai wa direba shi. A aljihunsa yake zama, don kada a yi masa yawo da mota. Ya yi mini wannan bayani sau biyu kafin mu fita gari.

Ruwa ya sauka kwana biyu kafin nan, saboda haka tun da duku-duku manoma sun fita shuka, mai sungumi a gaba, mai zuba iri a baya. A Kambaza Yaya ya ce a tsaya ya gaida tsohon malaminsa na allo. Na tuna masa da lokaci, ya ce minti biyar ne. Aka bar motar a kunne a ƙofar gida saboda sanyin ciki kada ya fita. Mun sami dattijon a zaure da wata riga da ta sha jiki. Bayan gaisuwa da addu'a, Yaya ya miƙe ya tuɓe babbar rigarsa ta shadda ya yafa masa, kamar yadda manya suke yi. Na yaba wannan a raina, kuma har yau ina yabawa.

Muna barin ƙofar gidan motar ta yi ƙara sau uku, wani rubutu ya bayyana a gaban direba. Ina kujerar baya, ban iya karantawa ba. Na tambaya, direba ya ce ai maganar bel ɗin kujera ce, ya danna wani abu rubutun ya ɓace. Yaya ya ce irin waɗannan motoci ba su rabo da surutu, in daina damun kaina. Ni dai na rubuta a ɗan littafina, kamar yadda nake rubuta kowane zango.

Muka ratsa Birnin Kebbi gari yana buɗewa, muka kama hanyar Kalgo. Titin yana da kyau, sai 'yan ramuka da motar take haɗiyewa ba ka ji ba. A bakin hanya na sayi ƙosai da kunu. Ƙosan ya ƙanƙance ƙwarai, mai suyar ta ce in tambayi masu wake, ba ita ba. Mata suna shanya shinkafa a kan tabarmi, masu kifi sun fara jera na safe.

A Kalgo muka shiga gidan mai. Ma'aikacin ya ƙi zubawa sai an kashe inji, kuma gaskiyarsa ce. Direba ya danna maɓalli, mota ta mutu. Aka cika tanki, ya sake dannawa, shiru. Ya danna har sau shida. Sai a lokacin na leƙa na karanta rubutun da kaina: da Turanci motar take cewa ba ta ga makulli ba.

Aka laluba aljihu, aka ɗaga shimfiɗun ƙafa, aka zazzage jaka. Wani bakanike ya zo ya ce a buɗe masa ƙarƙashin sitiyari ya haɗa waya, kamar yadda yake yi wa tsofaffin motoci. Wasu suka ce a tura ta. Ba ta tashi da turi, giyarta ma ta ƙi fita daga inda take. Ga ta ta tare famfo, layin 'yan kabu-kabu ya miƙe a bayanmu, ɗaya yana tambayar ko a ara wa Alhaji babur ya ja ta. Makulli na biyu kuwa yana Abuja cikin durowa.

Na buɗe littafina na karanta a fili: Kambaza, bakwai saura minti goma, mota ta yi ƙara sau uku. Yaya ya dafa ƙirjinsa, inda aljihun babbar riga yake zama. Makullin ya tafi a aljihun rigar da ya bayar. Ashe irin wannan mota, idan tana kunne, za ta ci gaba da tafiya ko makulli ya bar cikinta. Gargaɗi kawai take yi. Sai an kashe ta take ƙin tashi.

Malamin ba shi da waya. Aika direba ya lalubi aljihun dattijo rashin ladabi ne. Shi kuwa Yaya ya ce da wace fuska zai koma wurin rigar da ya bayar da hannunsa. Don haka ya juyo gare ni, ya ce in hau bas in je in karɓo, idan na dawo sai mu wuce Diggi tare, mai gari zai jira. Ƙarfe tara saura kwata a lokacin. A nan raina ya ɓaci, domin na lura tun da motar ta mutu ba wanda ya ambaci gonar.

Na ce, “Yaya, kai ka ba da riga, kai ya kamata ka koma. Ni takardar Inna na ɗauko.”

Ya dube ni ya ce, “Ni kake gaya wa haka?”

“Allah shi ba ka haƙuri. Sau biyu tana zama ita kaɗai.”

Ban taɓa ƙin aikensa ba sai ranar. Na sa ambulan ɗin takardar cikin rigata, na hau babur. Ɗan kabu-kabun ya ce ya san yanke ta cikin gonaki, yanken kuwa laka ce. Sau biyu na sauka muka tura. Ga mutum mai shekaruna wannan ba ƙaramar tafiya ba ce.

Na isa goma da minti goma, na tarar mai gari ya miƙe da jama'arsa za su tafi gona. Inna tana gefe a kan tabarma, ba namiji ko ɗaya daga gidanmu. Na nemi gafara, aka koma aka zauna, na karanta takardar: iyaka ta tashi daga tsohuwar rijiya ta miƙe zuwa giginya. Ɗan ɗaya daga shaidun da ke cikin takardar yana wurin, ya ce haka ya ji daga mahaifinsa. Aka je aka kafa turaku. Sai dai maƙwabcin ya riga ya shuka kunya huɗu a cikin makonnin da muka ɓata, mai gari ya yanke cewa na bana ya girbe abinsa, baɗi ya fita. Ban yi musu ba, hukuncin daidai ne. Inna ta ba ni tuwon shinkafa da miyar kifi, ta tambayi ina mai mota. Na gaya mata gaskiya.

Ta ce, “To, da kai ɗin aka turo tun farko, da ni na shuka wurin.”

Da la'asar na koma Kalgo na sami motar a kunne. Yaya ya je Kambaza da kansa. Da ƙyar ya ba da labarin: ya tarar malamin ya gano abin a aljihu, ya ɗauka carbin zamani ne irin mai ƙirga, tun safe yake latsa shi yana salati, yana mamakin rashin fitowar lamba. Ya miƙa masa shi da fara'a, bai ga abin kunya a ciki ba.

Mun shigo Gwandu ana kiran magariba. Abin da na koya shi ne, motar ba ta yi laifi ba. Ta yi gargaɗi a kan kari, aka kashe mata baki. Duk mai irinta ya karanta littafinta, ya bar makulli a hannun wanda yake tuƙi, ya kuma laluba aljihu kafin ya yi kyautar riga. Nawa laifin kuwa ya girmi na kowa: takarda tana hannuna, na zauna jiran babba da motarsa har zama biyu suka wuce. Kunya huɗu na Inna a bana, ni na jawo mata asararsu.