Tsamiyar Gidan Hayarmu

Shekarar da aka turo ni koyarwa Dogon Dutsi, na kama hayar ɗaki biyu a sabuwar unguwa can bayan gari, inda ake yanka gonakin gero ana sayarwa fili-fili. Maigidan gadon gonar ya yi, ya jera ɗakuna ya zuba mu: ni da matata da jaririyarmu, wani ma'aikacin asibiti, sai wani mai wa'azin coci. Gidan ba wuta, amma akwai ƙatuwar tsamiya a bakin ƙofa.

Da bazara ta kama, ɗakin kwano ya koma tanda. Ƙuraje suka feso wa yarinya har wuya, ba ta barci, ba ta barin kowa ya yi. Na sayo fanka na ajiye cikin kwalinta. Turken lantarki ga shi nan tsallaken hanya, reshen tsamiya ɗaya tal ne ya hana a jawo mana waya.

Na sami maigida da maganar. Ya kama baki kamar na zagi kakansa.

"Mushe," haka ake kiran malamin makaranta a can, "iccen ga ba a taɓa shi. Doguwa na ciki tun kakana na noman wurin ga. Wanda duk yas sare mata reshe, hannu nai shanyewa zai yi."

Mu 'yan haya muka zauna shawara a ƙarƙashin tsamiyar, muka sha dariya. Ma'aikacin asibiti ya ce jahilci ne tsagwaronsa, har ya aro gatari, sai dai kafaɗarsa na ciwo a ranar. Mai wa'azi ya ce ba iskar da ke da iko a kansa, amma ba ya taɓa kayan mutane. Ni kuwa na tuna musu hannuna na riƙe alli ne. Gatarin ya jingina da bango har ya yi tsatsa.

Matata ba ta shiga muhawarar masana ba. Kullum da rana sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar tsamiya, nan kaɗai yarinyar ke samun barci. Ni dai haushi ya ishe ni: fanka a kwali, 'yata a gindin itace.

Ana haka unguwa ta cika. Aka zuba wa hanyarmu jar ƙasa, 'yan kabu-kabu suka fara shigowa, mai shayi ya kafa tebur. Maigida ya auna bakin ƙofarsa da taki, ya ga shaguna uku za su shiga.

Wata rana na dawo daga lakkwal, makarantar da nake koyarwa, na tarar da tsamiya kwance a ƙasa, maigida tsaye yana nuna wa masu faskare inda za su tara itace.

Na ce, "Baba, Doguwa fa?"

"Mun yi magana da ita. Ta koma Matankari wajen dangi. Garin ga ya cika mata hayaniya."

Na dubi hannunsa. Lafiya lau, har da sabon agogo.

A makon nan aka jawo waya. Shaguna suka tashi, suka toshe ɗan wurin da iska ke shigo mana. Fanka ta yi kwanaki tana juyi ina ta hura hanci, sai wata azahar mai ƙuna aka ɗauke wuta. Yarinya ta tsala ihu. Matata ta saɓa ta, ta naɗe tabarma ta fita yadda ta saba. Na bi ta. Na same ta tsaye a rana a bakin ƙofa, tabarma a hammata, tana duban inda za ta shimfiɗa.