Littafin Da Bai Ƙona Riga Ba

Shekara ashirin Mai Guga ya yi a bayan tebur ɗaya, kullum da littafi jingine a jikin kwalbar ruwan yayyafi. Hannu na guga, ido na karatu. In labari ya yi daɗi, hancinsa ne ke sanar da shi cewa rigar wani ta tafi.

Da 'yarsa ta buɗe masa shafi a intanet don ya riƙa sharhin littattafai, sai ya ce shi ba ruwansa da taurari, da riguna zai auna. "Wannan ya ƙona min riga biyu, ku saya." "Wannan ko hankici bai ɗumama ba." Kuma sai ya ɗora hoton ƙunar, don kada a ce ƙarya yake. Mutane na dariya suna saye. Marubuta har fata suke a yi wa wandon wani bawan Allah ɓarna a dalilinsu.

Littafi ɗaya ne ya yi wata uku yana kauce masa: na yayar matarsa, tsohuwar nas da ta rubuta abin da ta gani a ɗakin haihuwa. Tsoronsa ya karanta rigar ta fito lafiya, ga shi bai iya ƙarya ba.

Ran Laraba ta shigo shagon da ƙullin kayanta, ta dire.

"Mai kantin littattafai ya ce in je ran Asabar in kwashe littattafaina, sun tare masa wuri. In na kwaso su, na ajiye biro ke nan."

"Haba Yaya, ki ƙara haƙuri."

"Kai dai matsoraci ne. Ga zannuwana, ga littafi. In bai yi ba ka faɗa wa duniya, na ga abin da ya fi bakinka."

Washegari da safe ya shimfiɗa zanenta mafi tsufa, saboda tsaro, ya jingine littafin, ya ɗauki dutsen guga. Ya yi dariya a shafi na tara. Wajen shafi na arba'in ya goge ido da hannun rigar wani. Yana goga yana shinshinawa, babu ko ƙauri. Har ya kai ƙarshe bayan azahar, zane lafiya lau. Ya shiga tunanin yadda zai faɗa wa Yaya.

Matarsa ce ta leƙo da abinci, ta dubi bango.

"Maigida, yau da me kake guga? Ga wayar dutsen a ƙasa."

Ya taɓa dutsen, sanyi ƙalau. Tun safe yake shafa zane ɗaya da ƙarfe mai sanyi.

Nan take ya ɗauki hoton wayar yashe a ƙasa, ya rubuta: "Wannan bai ƙona komai ba. Bai bar ni na kunna dutsen ba ma. Mai littafin yayar matata ce, na faɗa don kada ku ji a bakin wani."

Ran Asabar Yaya ta je kanti da buhu biyu. Ta dawo da su a naɗe a hammata, tana ta faɗa tun daga bakin titi.

"Ka ja min aiki! Saura guda huɗu, wai yaushe zan kawo na biyu."

"To sai ki zauna ki rubuta, Yaya."

"Da wane biron? Ba ni wancan na bayan kunnenka."